Daga Aljabara Zuwa Cibiyar Zarra: Tarihin Haɗuwar Tsantsar Lissafi da Binciken Ƙananan Ƙwayoyi

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarar 1964, a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka, waɗansu masana sun duƙufa a kan hotuna kimanin 100,000, suna neman sawun wata ƙwaya wadda ba wanda ya taɓa ganinta. Tun kafin su same ta sun san nauyinta, sun san irin cajin lantarkin da take ɗauke da shi, har suna ma an riga an raɗa mata. Lissafi ne ya ba su wannan labari, lissafin kuwa waɗanda suka ƙago shi sun yi haka ne don wata bukata dabam, kuma yawancinsu sun rasu ba su ji ko sunan irin waɗannan ƙwayoyi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan lissafi na tsawon shekara 132, watau daga 1832 zuwa 1964, sa'an nan ta dubi abin da ya biyo baya. Dalilin yin haka shi ne tambayar nan da ba mai bincike da ya tsira daga gare ta, ko masanin lissafi ne, ko masanin nahawu, ko mai tattara tatsuniyoyi: mene ne amfanin wannan aiki? Tarihin da za a kawo yana nuna cewa sau da yawa mai aikin kansa ba ya iya amsa tambayar, domin amsar ba ta zuwa a zamaninsa.

A nan, "zarra" na nufin mafi ƙanƙantar yanki na sinadari, "ƙwaya" kuwa na nufin abin da ya fi zarra ƙanƙanta, kamar ilektiron da furoton da niyutiron. "Tsantsar lissafi" shi ne lissafin da ake yi don neman gaskiyarsa kawai, ba tare da an nufi wani aiki da shi ba.

2.0 Mas'alar Daraja ta Biyar

Tushen labarin yana cikin ilmin aljabara. Wajen shekarar 820, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya tsara hanyoyin warware mas'alolin da ake kira na daraja ta biyu, watau waɗanda a cikinsu adadin da ake nema ya ninka kansa sau ɗaya. Daga sunan littafinsa ne ma aka sami kalmar aljabara. A ƙarni na 16 masanan Italiya suka gano ƙa'idojin warware daraja ta uku da ta huɗu, Cardano ya buga su cikin 1545. Daga nan sai abu ya cije. An shafe kusan shekara 280 ana neman ƙa'idar daraja ta biyar, ba a dace ba, har cikin 1824 wani saurayi mutumin Norwe, Niels Abel, ya tabbatar da cewa irin wannan ƙa'ida ta gama-gari babu ita sam.

Abel ya nuna ƙofar a rufe take. Wanda ya bayyana dalilin rufuwarta shi ne Evariste Galois, Bafaranshe, wanda ake furta sunansa Galwa, haifaffen 1811. Rayuwarsa gajeriya ce mai cike da tuntuɓe. Sau biyu ya faɗi jarrabawar shiga babbar makarantar kimiyya ta Faris. Takardar da ya miƙa wa majalisar masana cikin 1830 ta ɓace bayan rasuwar Fourier, wanda aka ba shi ita ya duba. Wadda ya sake miƙawa cikin 1831 kuwa Poisson ya mayar da ita, ya ce hujjojinta ba su fito fili ba. An ɗaure shi saboda siyasa. Ran 30 ga Mayu, 1832, aka harbe shi a wani fito-na-fito da bindiga, ya cika washegari yana da shekara 20. Akan ce a daren jajibirin ne ya rubuta ilminsa duka, amma wannan ƙarin gishiri ne: abin da ya rubuta a daren wasiƙa ce ga abokinsa da kuma gyare-gyare a kan aikin da ya riga ya yi. Sai cikin 1846 Liouville ya buga rubuce-rubucen nasa.

Ana iya fahimtar dabarar Galois ta hanyar duwatsun murhu guda uku masu kama ɗaya. Hanyoyi shida ne ake iya sarrafa wuraren zamansu ba tare da tukunya ta san an yi ba: a bar su yadda suke (hanya 1), ko a musanya biyu a bar ɗaya (hanya 3), ko a zagaya da su duka ta dama ko ta hagu (hanya 2). In aka yi biyu daga cikin waɗannan a jere, sakamakon ɗaya ne daga cikin shidan, kuma kowace ana iya warware ta a koma yadda aka faro. Tarin canje-canje mai wannan hali shi ake kira "rukuni", yanayin abin da ake canjawa bai canja kama ba kuwa shi ne "daidaito". Galois ya kawar da kai daga neman amsoshin mas'ala, ya dubi rukunin musanyar amsoshin. A daraja ta uku musanya 6 ce, a ta huɗu 24, kuma dukansu suna rarrabuwa hawa-hawa zuwa ƙananan sassa masu sauƙi. A ta biyar kuwa musanya 120 ce, a cikinta akwai wani dunƙule mai 60 wanda ba ya rabuwa ta kowace fuska. Wannan dunƙule shi ne ya toshe hanya.

3.0 Rukunoni Masu Gudana

Duwatsun murhu tsalle suke yi daga gurbi zuwa gurbi. Amma faifai marar ado, ko yaya aka juya shi a kan cibiyarsa, da yawa ko kaɗan, kamarsa ɗaya ce. Irin wannan daidaito mai gudana shi ne Sophus Lie, wani mutumin Norwe da ake furta sunansa Li, ya fara nazari sosai daga wajen 1873. Shi ne wanda aka tsare har wata guda a Faransa lokacin yaƙinta da Jamus cikin 1870, domin an ɗauki takardunsa na lissafi a kan saƙon asiri na ɗan leƙen asiri.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, rukunoni masu gudana waɗanda ba sa rabuwa iri nawa ne? Wanda ya amsa ta shi ne Wilhelm Killing, malami a wata kwalejin horar da limaman Katolika a Braunsberg, wani ƙaramin gari da ke cikin ƙasar Folan a yau, nesa da manyan jami'o'i. Cikin maƙalu huɗu tsakanin 1888 da 1890 ya jera su duka. Hujjojinsa suna da giɓi, sai Elie Cartan, ɗan wani maƙerin ƙauye a Faransa, ya cike su a kundin digirinsa na 1894. Jerin ya ƙunshi manyan zuriyoyi huɗu marasa iyaka, da waɗansu guda biyar 'yan ba-ruwanmu waɗanda ba su shiga kowace zuriya ba, mafi girmansu yana da fuskoki 248. Ya kamata a lura da shekarun: sai cikin 1897 Thomson ya gano ilektiron. Ashe an kammala jerin tun ba a san ko ƙwaya ɗaya ba.

4.0 Gadar da Emmy Noether ta Gina

Wadda ta haɗa daidaito da dokokin halitta ita ce Emmy Noether, Bajamushiya, haifaffiyar 1882. Cikin 1915 Hilbert da Klein suka gayyace ta jami'ar Gottingen, inda ake fama da wata matsala game da makamashi a cikin sabon ra'ayin Einstein. Saboda ita mace ce aka hana ta izinin koyarwa, ta yi shekaru tana ba da darasi da sunan Hilbert, ba albashi, sai cikin 1919 aka ba ta izinin.

Cikin 1918 ta tabbatar da cewa kowane daidaito mai gudana a cikin dokokin fiziks yana haifar da wani abu da ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Tun da dokokin ba su bambanta jiya da yau ba, to jimlar makamashi ba ta canjawa. Tun da ba su bambanta wuri da wuri ba, jimlar ƙarfin tafiya ba ta canjawa. Tun da ba su fifita gabas a kan arewa ba, jimlar ƙarfin juyawa ba ta canjawa. Wannan ya buɗe wa masana hanya ta biyu: duk inda suka ga wani adadi ya ƙi canjawa a gwaje-gwaje, sai su nemi daidaiton da ya ɓuya a bayansa. Gwamnatin Nazi ta kore ta daga aiki cikin 1933 saboda ita Bayahudiya ce, ta koma Amurka, ta rasu can cikin 1935.

Masana fiziks ba su karɓi wannan lissafi hannu biyu-biyu ba. Lokacin da Hermann Weyl cikin 1928, da Eugene Wigner cikin 1931, suka buga littattafansu a kan amfani da rukunoni a ilmin zarra, da yawa daga cikinsu suka riƙa kiran abin "annobar rukuni", suna jiran ranar da za ta wuce.

5.0 Yawaitar Ƙwayoyi

Cikin 1932, da Chadwick ya gano niyutiron, al'amari ya yi kamar ya daidaita: zarra ta ƙunshi cibiya mai furoton da niyutiron, ilektiron na kewaye da ita. A wannan shekara Heisenberg ya lura cewa furoton da niyutiron sun kusa zama ɗaya a nauyi, 938 da 940 a ma'aunin da ake kira MeV, ya kawo shawarar a ɗauke su fuskoki biyu na abu guda. Daidaito ke nan a cikin cibiyar zarra.

Sauƙin bai daɗe ba. An gano miyuwon cikin 1936, fayon da kayon cikin 1947, duka a cikin hasken da ke sauko wa duniya daga sararin samaniya. Daga 1952 kuma aka fara aiki da manyan na'urorin ingiza ƙwayoyi, waɗanda ke gwara su da juna da ƙarfi, aka kuma ƙago tukunyar kumfa, inda ƙwaya mai caji ke barin sawun kumfa in ta ratsa ruwan da ke gab da tafasa, a ɗauki hotonsa. Kafin 1960 an tara ƙwayoyi gommai, ba wanda ya san danginsu. Waɗansu daga cikinsu sukan daɗe kafin su rushe fiye da yadda ake zato; don bayyana haka, cikin 1953 Murray Gell-Mann a Amurka da Nishijima a Japan suka ba su wani sabon adadi, wanda Gell-Mann ya kira "baƙunta".

6.0 Gurbi na Goma

Mutum biyu ne suka gano tsarin, kowa a wurinsa, cikin 1961. Gell-Mann, a Kalifoniya, ya daɗe yana lalube, sai wani abokin aikinsa masanin lissafi, Richard Block, ya nuna masa cewa abin da yake ƙoƙarin ginawa Killing da Cartan sun gama shi tun shekara 70 da suka wuce. Na biyun shi ne Yuval Ne'eman, hafsan sojan Isra'ila da ke aiki a ofishin jakadanci a Landan, yana kuma karatu a hannun Abdus Salam. Shi ya bi jerin Cartan ne ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Dukansu suka tsaya a kan rukuni ɗaya mai fuskoki takwas, wanda ake kira SU(3). Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan rukuni ya tilasta ƙwayoyi su zo iyali-iyali, kuma yawan 'yan iyali ba yadda aka ga dama ba ne: 1, ko 8, ko 10, ko 27, da sauransu. Furoton da niyutiron da 'yan'uwansu shida suka cika takwas cif. Fayon da kayon sun ba da bakwai, ta takwas ɗin, mai suna eta, ta bayyana cikin 1961.

Gwaji mai tsanani ya zo ne a watan Yuli na 1962, a wani taro a cibiyar CERN da ke Jeniba. An riga an san waɗansu ƙwayoyi huɗu masu nauyi wajen 1238, da uku masu 1385. A taron aka ba da labarin biyu masu 1530. Huɗu, uku, biyu: dala ce mai gurbi goma wadda ta rasa ƙololuwa. Tazarar nauyi tsakanin hawa da hawa kusan ɗaya ce, 147 da 145. Gell-Mann ya miƙe ya bayyana cewa dole akwai ta goma, nauyinta wajen 1680, cajinta irin na ilektiron, baƙuntarta uku, ya kuma kira ta Omega, da sunan harafin ƙarshe na Girkanci. Ne'eman, wanda ke zaune a zauren, shi ma ya riga ya kai ga wannan sakamako.

Magana ta fita, ba ta komawa. In ba a sami Omega ba, ko aka same ta da wani nauyi dabam, tsarin duka ya rushe. Ƙungiyar masana fiye da 30 a ƙarƙashin Nicholas Samios ta ɗauki aikin a Brookhaven, da tukunyar kumfa mai inci 80 cike da ruwan haidurojin. A ƙarshen Janairu 1964 hoto ɗaya ya nuna sawun: ɗan gajeren layi na ƙwayar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan goma na sakan a raye ba. Suka auna nauyinta 1686, da yiwuwar kuskuren 12 sama ko ƙasa. Adadin da aka yarda da shi a yau 1672 ne. Gani ya kori ji.

A wannan shekara Gell-Mann da George Zweig, kowa a gefensa, suka bayyana asirin tsarin: dukan waɗannan iyalai an gina su ne da abubuwa iri uku, waɗanda Gell-Mann ya kira kwak. Hanyoyin ɗebo uku daga iri uku goma ne daidai, kuma Omega ita ce wadda dukan ukunta na baƙunta ne. An ba Gell-Mann kyautar Nobel cikin 1969. A yau an san kwak iri shida, na ƙarshe an gano shi cikin 1995.

7.0 Inda Lissafi ya Ci da Inda ya Faɗi

Bayan wannan, rukunoni suka zama harshen fannin. Tsarin da Yang da Mills suka kawo cikin 1954 ya zama ginshiƙin aikin Glashow da Weinberg da Salam, waɗanda suka haɗa ƙarfin lantarki da ƙarfin nan mai rauni na cibiyar zarra, suka sami kyautar Nobel cikin 1979. Ƙwayoyin W da Z da suka yi hasashe an same su a CERN cikin 1983, ƙwayar Higgs kuma cikin 2012.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa duk lissafi mai kyau gaskiyar halitta ne. Cikin 1974 Georgi da Glashow suka ɗauko wani rukuni daga jerin nan, SU(5), wanda ya haɗa ƙarfi uku wuri guda, tsari mai ban sha'awa ƙwarai. Ya yi hasashen cewa furoton kansa yana rushewa bayan zamani mai tsawon gaske. Aka gina manyan tankunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a ramin haƙar gishiri a Ohayo ta Amurka, ɗaya a Kamioka ta Japan, aka zauna jira. Ba a ga furoton ko ɗaya ya rushe ba, tsarin a siffarsa ta farko ya faɗi. Lissafi yana jera abin da zai yiwu. Gwaji ne ke faɗin wanda ya auku. Duk da haka wahalar ba ta tafi a banza ba, domin tankunan nan ne suka kama ƙwayoyin niyutirino daga wani tauraro da ya fashe, cikin 1987, abin da ba don shi aka gina su ba.

Bashin kuma ba gefe ɗaya ya ci ba. Wajen 1975 Yang ya gane, ta hanyar tattaunawa da masanin lissafi James Simons, cewa tsarinsa na 1954 daidai yake da wani fanni da masana lissafi suka gina da kansu. Cikin 1983 Simon Donaldson ya yi amfani da lissafin Yang da Mills ya warware mas'alolin tsantsar lissafi a kan sarari mai fuskoki huɗu, aka ba shi lambar Fields, mafi daraja a fannin, cikin 1986. Cikin 1990 kuma lambar ta je hannun Edward Witten, masanin fiziks.

8.0 Kammalawa

An ga yadda tambaya a kan aljabara ta haifi rukuni, yadda malamin wata ƙaramar kwaleji da ɗan maƙeri suka jera rukunoni masu gudana, yadda Noether ta ɗaura su da dokokin halitta, da yadda jerin ya nuna gurbin ƙwayar da ba a gani ba. Daga Galois zuwa Omega shekara 132 ne, daga kundin Cartan kuwa shekara 70. Ba wata hukumar ba da kuɗin bincike da ke iya hangen irin wannan nisa, kuma da an tambayi Killing amfanin aikinsa, ba shi da abin faɗi wanda zai gamsar da ma'aji.

Tambayar amfani ba ta mutu ba. Cikin 1969 wani ɗan majalisar dattawan Amurka ya tambayi Robert Wilson ko sabuwar na'urar da yake ginawa za ta taimaki tsaron ƙasa. Wilson ya amsa cewa ba ruwanta da tsaro, sai dai tana cikin abubuwan da ke sa ƙasa ta cancanci a tsare ta. Cikin 1993 kuwa majalisar ta soke wata na'ura mafi girma a Tekzas, bayan an kashe kusan dala biliyan biyu.

Ga ƙasashen da ba su da irin wannan dukiya, akwai abin lura a cikin labarin: rabinsa na farko da alli da takarda aka yi shi. Abin da ya fi kashe mai irin wannan aiki shi ne kaɗaici. Abdus Salam ya ɗanɗana shi da ya koma Lahor cikin 1951, ya rasa abokan tattaunawa da mujallu, har ya bar Pakistan cikin 1954. Shi ya sa cikin 1964, shekarar da aka ga Omega, ya kafa cibiyar nazari a Trieste ta Italiya, inda malaman jami'o'in Asiya da Afirka, har da na Nijeriya, ke zuwa su yi 'yan watanni su koma gida. Bai yi musu alkawarin cewa aikinsu zai yi amfani gobe ba. Abin da ya tanadar musu shi ne laburare, da allo, da mutanen da za su saurare su.